Uwargida Ta Tafi Hutu, Murhu Ya Bi Ta

 Makon nan ba ɗinki za mu yi ba, ba kuwa renon jariri ba. Yawo za mu tafi, yawo mai nisa, har ƙasar Amurka, mu ga yadda matan can suke yin abin da suke kira hutu. Ke uwargida sauke tukunyar nan tukuna kada ta ƙone, ke kuma 'yar makaranta jawo taswirarki kusa, gama za ki bukace ta. Na san da yawa cikinku za su ce ina ruwanmu da duwatsun Amurka. To, ai 'ya'yanmu da ƙannenmu suna can suna karatu da aiki, wata rana kuwa sai a aiko miki da tikiti a ce ki zo ki ga jika. Gara ki ji labarin tun kina gida.

In makarantu sun tashi dogon hutu a can, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, mutane sukan kulle gidajensu su hau hanya da iyali. Waɗansu sukan sauka a otal. Amma akwai miliyoyin gidaje waɗanda ba ruwansu da otal, domin suna da wata irin mota wadda ita kanta gida ce. Bari mu kira ta motar kwana. Iri biyu ce. Akwai mai injinta, kamar ƙaramar safa, akwai kuma wadda ba ta da inji, sai a ɗaura ta bayan wata mota a ja ta kamar tirela. Wanda ba shi da tasa yakan ɗauki haya ta mako ɗaya ko biyu.

Matsakaiciyar irin wannan mota tsawonta ƙafa 25 zuwa 30, faɗinta kuwa kamar ƙafa 8. In kin leƙa ciki za ki ga gado a can ƙurya, da wani gadon bisa kan direba inda yara suke rububin hawa, da tebur wanda in dare ya yi a kan sauke shi ya zama gado na uku. Ga murhun gas mai baki biyu ko uku, ga firji, ga wurin wanke-wanke wanda bai fi ƙaramin daro ba. Makewayin kuwa, in kin shiga kin buɗe hannuwa sai ki taɓa bango da bango. Kowane kabad da sakatarsa, don kada kwanuka su zubo in an sha kwana.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1910 wani kamfanin ƙera motoci mai suna Pierce-Arrow ya fito da mota mai wurin kwanciya da wurin wanke hannu. Amma in don ɗaukar gida a yi tafiya da shi ne, matan Fulani makiyaya sun riga kowa. Bafulatana takan kwance bukka, ta ɗora ƙore da tabarmi bisa takarkari, ta isa sabon mashekari ta kafa, ta hura wuta. Bambancin kawai shi ne, ita ba ta taɓa kiran wannan aiki hutu ba. Ki riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

GARIN DA ZA MU

Duba taswirarki wajen yammacin tsakiyar Amurka, za ki ga jihar Kolorado, da babban birninta Denver. Daga nan a yi arewa maso yamma kamar mil 70, ana ta hawa, sai a isa wani ɗan gari mai suna Estes Park, a bakin manyan Duwatsun Roki. Garin yana bisa tudu mai tsayin ƙafa 7,522 daga bakin teku, watau mita 2,293. Don ki gane wannan lissafi, Kano ba ta wuce ƙafa 1,600 ba, Jos da muke cewa tana kan dutse ƙafa 4,000 ce, dutsen Chappal Waddi kuwa na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, kaɗan ya ɗara garin nan. Watau inda namu dutsen ya ƙare, nan ne su suka kafa kasuwa.

Tun kafin Turawa su zo, mutanen ƙasar na asali, Arapaho da Ute, sukan hau kwarin nan lokacin zafi su yi farauta, in sanyi ya kawo kai su sauka. A 1859 wani mutum mai suna Joel Estes ya iso wurin, daga baya ya kawo iyalinsa da shanu, amma sanyi ya kore su a 1866, sai sunansa ya zauna. Wanda ya mai da wurin garin baƙi shi ne F. O. Stanley, mai ƙera motoci masu tafiya da tururi. Ya zo a 1903 yana fama da tarin fuka, iskar wurin ta karɓe shi, ya warware, ya gina babban otal wanda aka buɗe a 1909, har yau kuwa yana nan fari fat a gefen tudu. Shi kansa bai rasu ba sai 1940, yana da shekara 91. Kin ga ke nan kamar yadda Turawan mulki suke zuwa Jos shan iska in zafi ya ishe su. A 1915 gwamnati ta keɓe duwatsun da ke bayan garin ta mai da su gandun daji na ƙasa, ba farauta, ba saran itace.

Mazaunan garin ba su cika 6,000 ba a ƙidayar 2020. Amma a 2019 mutum fiye da miliyan 4 da rabi suka shiga gandun nan, mafi yawansu kuwa ta cikin garin suka bi. Ki ƙaddara ƙauyenku ne, sa'an nan duk mutanen birni su taso su bi ta ƙofar gidanki cikin wata huɗu. Babban titinsu, Elkhorn, kantunan alewa ne da na riguna da na tsaraba jere, ga rafi yana gudu a bayansu, ga motoci bi da bi ba wurin ajiyewa. Mai babbar mota in yana da hankali sai ya bar ta a masauki ya shiga bas, gama akwai bas na kyauta lokacin baƙi. A 2020 aka fara tsarin sai mutum ya kama lokacin shigarsa gandun tun kafin ya zo, aka kuma maimaita haka a shekarun da suka biyo baya.

Wurin da motocin kwana suke sauka zango ne sosai, irin na fatake, sai dai kowace mota da gurbinta mai lamba, da tebur, da ɗan murhun ƙarfe a ƙasa. Zangon iri biyu ne. Na 'yan kasuwa yana bakin gari, ya fi tsada, motoci kuma kusa da kusa har kina jin tarin maƙwabciyarki, amma akwai wayar lantarki da tiyon ruwa da bututun ƙazanta da za a haɗa wa motar, har da ɗakin wanki. Na gwamnati yana cikin gandun, kamar Moraine Park da Glacier Basin. Can ne kyau yake, ki buɗe ƙofa da safe ki ga fadama da dutse mai farin kai. Amma ba tiyon ruwa zuwa motarki, a yawancin gurabe ba lantarki, janareta ma sai a sa'o'in da aka ƙayyade safe da yamma. Duk da haka mutane kokawa suke yi a kansa, waɗansu guraben tun watanni shida kafin ranar ake kama su ta intanet. Maigida da yara, na tabbata, na gwamnatin za su zaɓa. Ke kuwa kafin ki ce to, ki tambayi girman tankin ruwa.

LISSAFIN RUWA

Motar kwana tana da tanki uku a ƙarƙashinta. Ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. Na ruwa mai kyau a matsakaiciyar mota yakan ci kamar galan 40, watau wajen lita 150. In kin fi gane garwa, garwa takwas ke nan, ko jarka shida irin ta 'yan ga-ruwa. To, ku biyar ne, kwana uku kuke so ku yi ba ku motsa motar ba. Raba ki gani. Kowa ya tashi da rabin garwa a yini, ciki har da sha, da girki, da wanke-wanke, da alwala, da wanka, da korar bayan gida. Yaro ɗaya in ya buɗe famfo yana wasa da kumfa, ya cinye rabon mutum biyu.

Nan fa mu muka fi su gwaninta. Matar da ta saba sayen ruwa a kura, ta yi wanka da bokiti ɗaya ta rage na wanke ƙafa, ba sai an koya mata ba. Su kuwa har rubuta musu ake yi a takarda: jiƙa jiki, rufe famfo, saɓa sabulu, buɗe ka ɗauraye. Kwanuka a goge maiƙonsu da takarda kafin a sa musu ruwa. Na sha da na girki a ɗebo da jarka daga famfon zango, don a bar na tanki ya daɗe.

Amma akwai inda al'adarmu za ta ba ki kunya. A gida in kin gama wanke-wanke sai ki watsa ruwan a tsakar gida ko a rariya, shi ke nan. Can haramun ne a dokar zango. Duk ruwan da ya shiga motar, cikin cikinta yake zama har a kai shi inda aka tanada don zubarwa. In tankin wanke-wanke ya cika ba ki lura ba, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ki ga ya ɓullo ta ƙasan wurin wanka, da ƙwayar shinkafa da man miya a bisansa. Akwai 'yan fitilu a bango masu nuna yadda kowane tanki ya cika. Maigida ba zai dube su ba, yana waje yana kallon dutse. Ke za ki duba.

Sai girki. Ga wani abin mamaki da dutse yake yi wa tukunya. A bakin teku, kamar Legas, ruwa ba ya tafasa sai zafinsa ya kai digiri 100. A Jos yakan tafasa wajen 96. A Estes Park kuwa tun yana 92 zai fara ɓararraka. Dalili shi ne iska tana da nauyi, tana danne fuskar ruwa. In an hau sama iskar da ke bisa kanmu ta ragu, dannewar ta yi sauƙi, sai ruwa ya tashi tun bai yi zafi sosai ba. Ruwa kuwa in ya fara tafasa ba ya ƙara zafi, ko da za ki ƙure wuta. Saboda haka tukunya tana ta tafasa, ido yana ce miki ya yi, amma wake yana nan kamar tsakuwa. Ƙara wuta ba ya magani, sai ma ya ƙone ruwan, ya cinye gas.

Dabara ita ce ki jiƙa wake tun dare, ki sa 'yar kanwa in kina da ita. Shinkafa ki ƙara mata ruwa da lokaci, kada ki yi ta buɗe murfi. In kina da tukunyar nan mai murfi mai kulle wadda take tsare tururi, to ita ce sarauniya a kan dutse, gama tana mayar da dannewar da iska ta rage. Ƙullin fanke ko na burodi kuwa akasin haka yake yi, yakan tashi da wuri fiye da yadda kika saba, in kin bar shi ya wuce kima sai ya faɗa. Mafi sauƙi duka, ki yi miyarki kala biyu tun a gida, ki daskarar, ki zo da ita. Nama da kayan yaji irin namu ki saye su tun daga Denver da maƙwabciyarta Aurora, inda akwai kantunan 'yan Afirka da mahautan halal. Wani abu kuma: da dare yaran zango sukan soke wata farar alewa mai laushi kamar auduga a tsinke su gasa a wuta, naki ma za su ce sai sun yi. Yawancinta da sinadarin da ake samu daga alade ake yin ta, sai ki karanta jikin leda ko ki nemi wadda ba shi.

JIKI MA YA SAN AN HAU

Iskar da ta yi wa tukunya kaɗan, ta yi wa huhu kaɗan. A garin nan kowane numfashi da kika ja ya gaza na bakin teku da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ranar farko sai ki ga 'yar tafiya kaɗan ta sa ki haki. Waɗansu kansu ya yi ciwo, zuciya ta tashi, barci ya ƙi zuwa. Maganinsa a hau a hankali. A kwana ɗaya a Denver tukuna, wadda take ƙafa 5,280, a sha ruwa da yawa, ranar isowa kuma kada a tasar wa dutse. Ƙaramin yaro ba ya iya cewa kaina yana ciwo, sai dai ki ga ya ƙi nono, yana rigima ba dalili. In abin yana ƙaruwa, ko mutum yana haki alhali yana zaune, ba a jira gari ya waye. A sauka ƙasa, a nemi likita.

Ga wata magana da ta shafe mu fiye da yawancin baƙin garin. In a gidanku akwai mai amosanin jini, watau sikila, kada a hau da shi wurin nan sai an yi shawara da likitansa. Ƙarancin iska yana cikin abubuwan da suke tayar da ciwon. Har wanda yake ɗauke da rabin ƙwayar, mai AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, an sha samun wanda saifarsa ta kama ciwo mai tsanani bayan ya hau tudu irin wannan. In wani ya ce gefen cikinsa na hagu yana sukarsa, kada ki ce kabba ce ki ba shi jiƙo. Ki gaya wa likita irin jininsa, domin ba lalle ne ya yi tunanin tambaya ba. Mai ciki da mai ciwon zuciya su ma su yi tambaya kafin su tashi.

Rana tana da daɗi, ba ta cika wuce digiri 26 ba ko a watan Yuli, amma tana ƙuna, iska kuma busasshiya ce kamar ta hunturu. Ki sa man kaɗe a jaka saboda leɓe da kaushi. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, kafin asuba ya koma ƙasa da digiri 10. A nan ne ake yin kuskuren da yake kashe mutane. Kada ki kunna murhun girki ki bar shi don ɗumama ɗaki, kada a shigo da gawayi, kada a kwana da janareta yana aiki kusa da taga. Kun san labarin masu kwana da kaskon wuta a ɗaki a rufe lokacin ɗari, a wayi gari ba su tashi ba. Iskar guba ce marar wari, motar kwana kuwa ta fi kowane ɗaki ƙanƙanta. Akwai na'urar ɗumama ɗaki ta motar wadda hayaƙinta yake fita waje, ita za a kunna. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai ƙara in gubar ta taru. Ranar karɓar mota ki sa a gwada miki ita a gabanki.

Sa'an nan ga masu gari. Akwai baƙar beyar a duwatsun nan, ba su da yawa, amma hancinsu ya fi na kare, sun kuma iya buɗe ƙofar mota in ba a kulle ba. Don haka ne aka hana watsa ruwan wanke-wanke. Ba a barin kome mai ƙamshi a waje, ko abinci, ko shara, ko sabulu, ko man goge baki. Humrarki da daddawarki ma a rufe su ciki. Beyar da ta saba da abincin mutane takan zama mai haɗari, ƙarshenta harbe ta ake yi, watau ragowar tuwon da kika bari bisa tebur yana iya zama ajalinta.

Wadda za ki fi gani ita ce wata dabba da suke kira elk, mai kama da gwanki, namijin da ƙaho rassa-rassa kamar busasshen itace, nauyinsa ya kai na ɗan bijimi. Garke-garke suke yawo har cikin gari, su kwanta a filin wasa, su tsare titi motoci su jira. A watan Satumba da Oktoba mazan sukan yi wani irin kuka mai kama da busa, mutane su zo daga nesa don su ji. Ganinsu a sake yakan sa baƙo ya ɗauka tumakin gida ne. Dokar gandun ta ce a bar ƙafa 75 tsakani, watau tsawon bas biyu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ƙarshen Mayu da watan Yuni, sa'ad da matan suke haihuwa, su ɓoye ɗan a cikin ciyawa su tsaya gadi. A 2024, cikin 'yan kwanaki kaɗan, sau uku uwayen elk suka tattake mutane a cikin garin, biyu daga ciki yara ne ƙanana, ɗaya tana kan keke, ɗaya yana filin wasa. Ba tsokana suka yi ba, ba su ma san da ɗan a kusa ba. In za ki saki yara su yi wasa, ki fara zagawa da idonki.

Kada ku ce na tara muku abin tsoro kawai. Akwai ranar da take biyan kuɗin tafiyar duka, ita ce ranar hawan hanyar Trail Ridge. Mil 48 ce daga Estes Park zuwa Grand Lake a ɗaya gefen, ta hau har ƙafa 12,183, ba a buɗe ta sai wajen ƙarshen Mayu, a rufe a Oktoba saboda dusar ƙanƙara. Kina tafe cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sai ki ga suna gajarcewa, suna karkacewa gefe ɗaya inda iska ta tura su, har su koma kamar sabara, sa'an nan su ƙare ƙaƙaf. Mil 11 za ki yi a inda itace ba ya iya tsiro. Sai 'yan furanni ƙanana manne da ƙasa, da ƙanƙara fara a kwance a tsakiyar watan Yuli, yara su sauka su dunƙula ta su jefi juna, gajimare kuwa wani yana ƙasa da ku. Can gaba akwai wani wuri, Milner Pass, inda ruwan sama yake rabuwa biyu: wanda ya faɗi gabas ya nufi tekun Atlantika, wanda ya faɗi yamma ya nufi tekun Pasifik. 'Yan makaranta, kun san tudun Jos ma haka yake raba ruwa, wani ya bi kogin Kaduna zuwa Neja, wani ya bi Gongola zuwa Binuwai, wani ya nufi tafkin Chadi. In kin je, ki rufe robar ruwa wadda ba kome ciki a can sama, ki sauko da ita Denver, ki ga yadda iska za ta lotsa ta.

A tashi da sassafe, domin bayan azahar hadari yakan taso da tsawa, a filin da ba itace kuwa mutum shi ne abu mafi tsawo. Wajen saukowa a sa mota a ƙaramin giya, gama mota mai ɗauke da gado da firji da garwa takwas ta ruwa in aka dogara ga birki kaɗai sai ya yi zafi ya ƙi kamawa. Mai ma tana sha, galan ɗaya bai cika kai ta mil 10 ba.

Hadarin nan na yamma ba abin rainawa ba ne. Ɗaya daga hanyoyin shiga garin ta bi ta wani matsattsen kwazazzabo ne tare da kogin Big Thompson. Ran 31 ga Yuli 1976, da dare, aka yi ruwa wajen inci 12 cikin sa'a huɗu a kan duwatsun, kogin ya taso kamar bango, ya kashe mutum 144, da yawansu masu hutu ne. Waɗanda suka tsaya cikin mota suna neman tsere wa ruwa su suka fi halaka, waɗanda suka bar kome suka hau gefen dutse da ƙafa suka tsira. Yanzu akwai alluna a hanyar masu cewa in ambaliya ta zo a hau sama. Wuya ke nan ga mace ta bar gida da kayanta ta gudu, ko da gidan na haya ne. A bar shi.

To, mu komo kan Bafulatanarmu. A 1873 wata Baturiyar Ingila mai suna Isabella Bird ta iso kwarin nan bisa doki, tana da shekara arba'in da 'yan kai. Ta hau dutsen Longs Peak mai ƙafa 14,259, ta taya masu masaukinta koro shanu, ta rubuta wa ƙanwarta wasiƙu waɗanda aka buga littafi a 1879. Daga baya, a 1892, ta zama mace ta farko da Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Ingila ta karɓa cikin manyan 'ya'yanta. Abin da ya fi burge ni a labarinta ba hawan dutsen ba ne. Da sanyi ya kama ta a wani ɗakin katako tare da waɗansu mafarauta, abinci yana ƙarewa, ba su ce tun da ga mace an huta ba. Raba aikin gidan suka yi.

Haka za ki yi, kuma tun a gida za a yi cinikin, kafin a biya kuɗin haya, lokacin da maigida yake ɗokin tafiya yana amsa kome da to. Wane ne mai ɗebo ruwa? Wane ne mai wanke-wanken dare? Gashin nama a waje na maza ne, su ma suna so, sai ki bar musu har da wanke abin gashin. Yaro ɗan shekara bakwai ya isa naɗe bargo da kai shara akwatin ƙarfe. Ki kuma ware yini ɗaya wanda ba za a kunna murhu ba sam, a ci burodi da shayi da safe, a ci na kanti da rana, ke kuma ki zauna bakin tafkin Sprague ki miƙe ƙafa ba wanda zai ce Mama ina cokali. In ba a yi wannan magana ba, za ki yi kwana bakwai kina kallon Duwatsun Roki ta 'yar tagar da ke bisa wurin wanke-wanke.

Aiki na ƙarshe shi ne na ranar tashi. A ja motar zuwa wurin zubar da ƙazanta, a bi layi, a sa safar hannu ta roba, a haɗa wani kakkauran tiyo daga cikin motar zuwa rami. A fara buɗe tankin bayan gida, in ya ƙare a buɗe na wanke-wanke don ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. In ba a ɗaura bakin da kyau ba, abin da zai faru ba sai na faɗa a jarida ba. Masu ba da haya sukan ci tarar wanda ya komo da tanki cike ko mota da datti, don haka ba makawa sai an yi. Wannan aikin, ki tabbata tun ranar cinikin an rubuta shi da sunan maigida.